Launin Kufan Tungar Magagi

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kailu Baushe magini a gidansa da ke Filinge, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Dijatu da 'ya'ya biyar, babbarsu Habsa, wadda ke koyar da ilimin ƙasa a wata makaranta a Yamai. Shekarunsa saba'in da shida a lissafinsa, saba'in da takwas a nawa, kuma har ya koma ga Ubangijinsa ba mu daidaita a kan wannan ba.

Ni mai wannan rubutu sunana Hamani Dogo, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Ni da marigayi taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. An haife mu a Tungar Magagi, wani ɗan ƙauye mai gida ashirin da 'yan kai a arewa maso gabas, wajen Sanam. Ƙauyen ya watse tun farin 1984, da rijiyar ta ƙafe. A cikin waɗanda suka san shi da hankalinsu, mu biyu muka rage a garin nan. Yanzu saura ni.

Kailu, mutane sun san ka da ginin rumbu. Babu ƙauyen da ba ka taka ba daga Bonkuku har Sanam, kuma ba ka taɓa tambayar mai gida ko yana salla ko al'adar kakanni yake bi ba kafin ka kwaɓa masa ƙasa. Cewa kake yi gero ɗaya ne, gara ma ɗaya ce. Idan ka isa wuri, sai ka tsuguna ka ɗebi ƙasa ka murza, ka shinshina, wani lokaci har ka ɗora a harshe, yara suna dariya. Shekarar da ruwa ya kayar da katangata, ban aika maka ba. Na dawo daga makaranta na tarar ka kai ta ƙugu, ka kuma tarbe ni da faɗa, wai wanda ya yi ta farko ba magini ba ne, mai gyaran keke ne. Ni na gina ta da hannuna, kuma ka sani sarai. Da matata Haske ta rasu, kwana arba'in kana zuwa kowace safiya ka zauna a bakin ƙofata. Ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka ce in yi haƙuri fiye da sau ɗaya ba. Zama kawai kake yi har rana ta ɗaga, ka kaɗe rigarka ka tafi aiki.

Amma da sunan Kailu Jirgi aka fi kiran ka, kuma ni na laƙaba maka shi. Ya kamata yau in faɗi asalinsa yadda yake.

A damunar 1986, zamanin mulkin soja na farko, fara ta sauka a yankinmu na Kurfai. Gwamnati ta kawo jiragen feshi, da wani ƙaramin jirgi mai kujera huɗu wanda ke fara zagayawa ya gano inda farar ta yi yawa. Matuƙinsa Bature ne, taswirar hannunsa tsohuwa ce, ƙauyuka sun rikice masa. Sai aka nemi ɗan ƙasa da zai zauna kusa da shi ya riƙa nuna masa. Ni aka fara aiko wa, don ina jin Faransanci kuma ana hutun makaranta. Na je filin saukar jirage, na ga jirgin, na ga ƙofarsa ba ta kai kaurin murfin tukunya ba. Nan take na ce cikina ya ɓaci. Na nuna ka, na ce ga wanda ya san kowane rumbu a ƙasar nan. Ba ka san kalma goma ta Faransanci ba, amma ka cire takalmanka ka riƙe a hannu, ka yi bisimilla ka shiga. Kun yi minti arba'in a sama. Daga ranar ba ka sake hawa jirgi ba, ni kuwa ban taɓa hawa ba har yau.

Da ka sauko, ba ka yi maganar tsoro ko amai ba. Ka kama hannuna, ka kira ni yadda ake kiran malaman lakwal a nan, ka ce, "Mushe, tudun ga kitso gare shi. Wallahi kitso anka yi mai, layi-layi, awa kan amarya." Na yi dariya har na riƙe ciki. Ka ce jan dutsen da ke bakin kwarin Dallol ba ja ɗaya ba ne, uku ne. Ka ce gindin kowane gawo akwai zoben gero da ya fi sauran duhu. Ka ce ka ga Tungar Magagi, shekara biyu bayan an tashi, kuma ba ta ɓace ba, tana nan kwance a tsakiyar jigawa da wani launi da ba ka san sunansa ba.

Shekara da shekaru kana ba da labarin nan, a wurin suna, a wurin zaman makoki, a motar kasuwar Baleyara. Mutane suka gaji. Da ka ce "ran da muna bisa," sai ka ga an fara neman takalma. Ni na fi kowa. Nakan ce minti arba'in ɗin nan sun fi aikin hajjin wasu tsawo. Nakan ce mutumin da ya rufe ido don tsoro, me zai gani? Kai kuwa sai ka ce aƙalla cikinka bai ɓaci ba. Wasan taubasai ne, amma yanzu na san akwai ranakun da ya yi maka zafi, domin ni ne mai ilimin boko a cikinmu, kuma mutane maganata suke ɗauka.

Shekara uku da suka wuce Habsa ta zo hutu da kwamfutarta. Ta ce ta samo wani wasa na tuƙa jirgin sama, wanda wasu masu sha'awar tsofaffin jirage a Turai suka haɗa don kansu. Suna sake gina tafiye-tafiyen da aka yi a da, da irin jirgin, da irin ƙasar da ya ratsa. A ciki har da yaƙin fara na 1986, har da yankinmu. Ta ajiye kwamfutar a kan turmi a inuwar zaurenka, ta ce yau Baba zai sake hawa. Ta tayar da jirgin daga filin Filinge. Ka matso, ka sa hannu a goshi. Na zaci za ka yi kuka.

Sai na ji ka ce, "Wagga ba ƙasammu ba ta."

Sun shafe ƙasar duka da ruwan ɗorawa, tun daga kwari har tudu, kamar babu abin da ke Nijar sai rairayi. Kuma tun da sun karanta cewa watan Satumba damuna ce, sai suka sa wa kowace bishiya koren ganye. Ka nuna da yatsa. "Wa yas sa ma gawo ganye da damana? Ko akuya ta san gawo tsirara shi ke sai an yi girbi!" Habsa ta ce, "Baba, wasa ne fa." Ka ce idan wasa ne su sa sunan wata ƙasa, amma muddin sun rubuta Filinge, to su yi Filinge.

A ranar ce Habsa ta buɗe mana hoton tauraron ɗan Adam don ta kwantar maka da hankali. Ta matso da tudun da ke kudu da mu. Na gyara tabarau na duba, sai ga layukan geza da sabara a jere, duhu da haske, duhu da haske, kitso sak. Ka juyo ka dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Na so in ce ka yafe mini a lokacin. Abin da ya fito daga bakina shi ne, to ai kitson bai yi kyau ba.

Daga nan aiki ya same mu. Habsa ta rubuta wa masu wasan, suka amsa da murna, suka ce a aiko musu da launin gaskiya in akwai. Kai kuwa ba ka yarda da hoton waya haka kawai ba. Ka samo gutsattsarin katako, kowanne kamar allon karatu. Ka riƙa fita da jaka kana ɗebo ƙasa: jar marmara daga bakin dutse, farar ƙasa mai kanwa daga cikin kwari, fako mai ƙyalli, jigawa, baƙar laka ta bakin tabki. Kowace ka kwaɓa ta ka shafe allo biyu, ɗaya a bar shi ya bushe, ɗaya a yayyafa masa ruwa, domin ka ce ƙasar Satumba ba ta gama shan ruwa ba. Sa'an nan ka jera su a tsakar gida da hantsi, daidai lokacin da kuka tashi a wancan jirgi, ka jingina tsani ka hau soro ka leƙo su daga sama. Wai launi yana canzawa idan mutum ya yi nisa da shi. Dijatu tana ƙasa tana salati, tana cewa tsoho da jikoki ya rasa abin yi sai hawan soro. Idan allon ya yi maka, ka ce in ɗauka. Ni ne mai ɗaukar hoto da waya, da farar takarda a gefe don su gane hasken, ni ne kuma mai rubuta bayani da Faransanci. Malamin da ya shekara talatin yana ba da umarni ya koma ɗan aiken magini, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Abu ɗaya ya gagara, shi ne kufan Tunga. A hoton tauraron na yanzu babu shi, rairayi da sabara sun rufe wurin. A tsohuwar taswira ma babu sunan ƙauyen. Masu wasan suka ce, cikin ladabi, ba sa sa abin da ba su da shaidarsa. Kai kuma ka kasa haɗa launin. Ka ce kore ne mai duhu wanda ya ci toka, irin na tafasa da zaƙi-banza da ke fitowa a kan juji da tsohon garke, da ɗan ja a gefe inda katangu suka narke. Ka daka ganye, ka haɗa da toka da kashin shanu da jar ƙasa. Allo goma sha ɗaya ka yi. Kowanne ka hau soro ka duba, ka girgiza kai ka sauko.

Daga ƙarshe ka ce sai ka je can ka ɗebo ƙasar wurin da hannunka. Kowa ya san halin da hanyar take ciki a shekarun nan. An hana hawan babur, masu bindiga suna yawo a daji, mutanen da ke can ma gudowa suke yi. Ka ce za ka bi motar kasuwa zuwa Sanam, sauran ka taka da ƙafa, kuma in raka ka. Na ƙi. Ban tsaya nan ba, na je na faɗa wa Dijatu, ita kuma ta kira 'ya'yanka maza suka tsare ka. Sati uku ba ka yi mini magana ba. Da muka haɗu a masallaci ka ce, "Cikin naka ya sake ɓaci ke nan." Har gobe ina ganin daidai na yi, da na bar ka ka tafi wataƙila da ko gawarka ba mu samu ba. Amma na san abin da na hana ka. Uwarka tana kwance a can, tawa ma haka. Ƙafa ba ta zuwa, mota ba ta zuwa. Wasan nan shi kaɗai ne hanyar da ta rage mana zuwa gida.

A watan Agustan bana gyararren wasan ya fito. Kafin nan yanar ido ta rufe maka gani, ba ka ganin komai sai haske da inuwa. Habsa ta zo, ta ajiye kwamfutar a kan turmin nan dai, ta tayar da jirgin. Ka ce, "Mushe, kai ad da tabarau. Duba mini."

Na duba. Ga kwarin Dallol fari-fari da tabkuna, ga jan dutse kala uku, ga gonakin gero. Ka tambayi tudu, na ce an yi masa kitso. Ka tambayi gawo, na ce tsirara yake, launin toka, da zoben gero mai duhu a gindinsa. Ka yi murmushi kana gyaɗa kai. Habsa ta karkata jirgin arewa maso gabas, muka yi ta tafiya. Can ta rage gudu, ta dube ni, ta girgiza kai a hankali. Babu komai a wurin sai jigawa da sabara.

Ka ce, "Mun kai Tunga?"

Na ce, "Mun kai. Ga ta nan."

"Sun sa ta?"

"Sun sa ta, Kailu."

Sa'an nan ka ce, "Hanya nawa kag gani ta hito daga cikinta?"

Na lissafa abin da na sani tun ina yaro: ta rijiya, ta gonaki, ta maƙabarta. Na ce uku.

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. "Shekara talatin da tara kana ce mini maƙaryaci, yau ga ka. Huɗu na, Mushe. Ta huɗun ba a ganinta daga ƙasa."

Kunya ta rufe ni. Na ce wace ce ta huɗun? Ka ce wata 'yar siririya ce, ta fito daga bayan gidaje, ta ratsa gonaki, ta zagaya ta shiga maƙabarta ta baya. Ka ce ka daɗe kana tunaninta kafin ka gane. A Tunga mata ba sa raka gawa, ba sa zuwa kabari. Ashe suna zuwa. Kowacce takan ce za ta itace ko tsinkar ganye, ta bi ta bayan gida ita kaɗai, har ƙafafunsu suka yi hanya ba wanda ya sani. Ka ce ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, ko a cikin labarin da ka gajiyar da mutane da shi, don asirin iyayenmu mata ne. Na tuna uwata ta binne 'ya'ya uku kafin ni, na tuna yadda takan dawo daga itace da ɗan abin da bai isa dafa koko ba. Habsa ta kashe kwamfutar ta shiga ɗaki.

Sati biyu bayan haka ka kwanta, ba ka sake tashi ba.

Bayan addu'ar bakwai Habsa ta sanar da masu wasan rasuwarka. Sun aiko da gaisuwa mai kyau. Sun ce duk abin da ka faɗa musu a shekara uku, da suka bincika sun same shi daidai, saboda haka za su sa kufan Tungar Magagi a kan maganarka kaɗai, ba sai da hoto ba. Sun duba allunanka goma sha ɗaya sun fitar da launi uku, suka ce a zaɓa musu wanda ya fi kusa. Habsa ta turo mini su a waya, ta rubuta a ƙasa, "Baba Hamani, wanne ne?"

Kailu, ban sani ba. Kwana huɗu ina duba su. Na je gidanka na roƙi Dijatu ta fito da allunan, na jera su a tsakar gida da hantsi, na jingina tsanin na hau. Na leƙo su daga inda kake leƙowa. Duk kore ne mai duhu a idona. Na yi ƙoƙarin tuno kalmominka, sai na tarar rabinsu ban saurara ba, ina can ina shirya abin da zan tsokane ka da shi. Kujerar jirgin nan ni aka fara ba, na ƙi zama. Da na juya a kan soron don in tambaye ka, Dijatu ce kawai a ƙasa riƙe da tsani.

Jiya na ba Habsa amsa. Na ce ta gaya musu su zaɓi wanda suka ga dama, ba sauran mai cewa sun yi kuskure. Amma ta gaya musu hanyoyin huɗu ne, ta huɗun siririya, ta bayan gidaje. Na yi ta tunani ko na tona abin da ka rufe. Sai na ga waɗanda suka taka ta duk sun riga mu, kuma in na yi shiru za ta bi launin ta tafi. In na yi laifi, ka ƙara a kan sauran.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dijatu, wadda ta yi haƙuri da ƙasa a cikin kwanukanta da tsoho a kan soronta. Ina miƙa ta ga Habsa da ƙannenta, Issa da Lawali da Safi da Jummai, da jikoki, da duk wanda ya taɓa zuba gero a rumbun da hannunsa ya gina. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya sa albarka a bayansa. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, har wani daga cikin jikokinsa ya taka Tunga da ƙafarsa ya ɗebo ƙasar.

Ya Allah, ga bawanka Kailu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka mayar masa da ganinsa fiye da yadda yake, Ka haɗa shi da iyayenmu na Tunga a Aljanna. Ni kuma Ka yafe mini dariyar da na yi masa, da ƙaryar da na yi masa sau ɗaya, Ka kyautata nawa ƙarshen idan ya zo. Amin.

Gawon da ke ƙofar gidanka ya fara fitar da ganye, Kailu. Na tsaya na dube shi da kyau yau da safe, ko da wani zai tambaya.